Ɗan Aiken Ruwa

Ƙarfe biyun dare a Garin Malam,
kuran ya dawo, fanka ta yi tari ta tashi.
Na buɗe kwamfuta bisa tabarmar Inna,
sauro na nasa karatu, ina nawa.

Laburaren nan ba ni na gina shi ba.
Wasu ne can, ban san fuskokinsu ba,
suka sussuka, suka sheƙe, suka aje bakin ƙofa:
mai so ya ɗiba.
Turmin na aro ne, amma hatsin nawa.
Da layi ɗaya na kira shi, ya amsa.
Na ɗaura mabuɗin sirri, dogo kamar igiyar guga,
na ce: tashi, yaro, ga aikinka.

Aikin ba yawa.
In mutum ya rubuto ruwa,
ka faɗa masa pampon da ke zuba yau,
Birni ne, Zango ne, ko bayan Kasuwar Dole,
da dala nawa Tankari ya sa wa jarka.
Tankari ke ba ni labari da asuba,
yana tura kura, waya maƙale a kafaɗa,
rabin zancen haki ne.

Ranar farko mutum bakwai suka zo,
shida suka koma da ƙishinsu.
Wani ya rubuta roua, wani rouwa,
hannun lakwal, bakin gida,
yaro ya tsaya ƙiƙam: ban gane ba.
Ƙa mai ƙugiya ta shiga cikinsa
ta fito alamar tambaya.
Kwana uku ina farautar waƙafi ɗaya,
allura cikin ruwa,
ashe yana layi na arba'in da biyu, ya miƙe ƙafa.

Sai ga Magaram,
mai suyar ƙosai a gindin dutse.
Jikarta ta sa mata lambar.
Ita ba ta rubutu, murya ta aiko, minti biyu cur:
sallama, ina kwana, ina gajiya,
ina mutan gida, yaya zafi, yaya haƙurin ruwa.
Yaro ko amsa sallama bai yi ba,
ya ce: danna ɗaya ko biyu.

Da hantsi ta tare ni, matsami a hannu.
Wannan ɗan naka, wa ya rene shi?
Ko kare ka gaisar, ya kaɗa maka wutsiya.
Na rasa inda zan sa idona.
Mai na ta tafasa a kasko, ni ma haka.

Masu laburare da sauri suke alfahari,
amsa kafin ƙiftawar ido.
Ni daren nan jira na koya masa.
In murya ta zo, ƙirga biyar, kada ka yi gaggawa,
kamar mai aje buta kafin ya juyo.
Na tada ƙanwata Habsu daga barci,
ta karanta gaisuwa cikin waya tana hamma:
lafiya lau, gajiya ta bi lafiya, haƙuri sai godiya.
Sa'an nan sunayen pampo, ɗaya bayan ɗaya, da baki.

Ba ya jin ko kalma cikin abin da take faɗi.
Na sani. Ban gaya mata ba.
Yanzu kowace safiya sai ta gaishe shi,
har ranar da randarta ke cike.

Jiya ta aiko ƙosai bakwai a takardar siminti,
da yaji a gefe, ta ce a kai wa yaron.
Na ci su ƙarfe biyun dare, gaban allo,
maiƙo a yatsa, na danna na yi masa murya:
Magaram ta aiko maka, na cinye.
Ya ƙirga biyar.
Ya ce lafiya lau,
pampon Zango na zuba.